Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, kuma ban tuna Talata ɗaya da ta wuce ban ci mutuncin wani a kan gishiri ba. Talata ce ranar masu hawan jini. Tun bakwai na safe nake fitowa daga ɗakunan da nake haya a Samaru, in kutsa cikin ɗalibai in samu bas, kafin in iso sun cika bencuna uku na baranda, kowa riƙe da katinsa. A aljihun farar rigata akwai wani ƙaramin cokalin shayi da ba na rabuwa da shi. Sai in tsaya a gabansu in ɗaga shi sama, in ce wannan, kuma kada ya cika, shi ne gishirin mutum ɗaya na yini guda, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da burodi da yajin mai tsire.

Gaskiya nake faɗa musu, wannan ba zan janye ba. Yadda nake faɗar ne abin. Akwai wani tsohon tela daga Unguwar Gabas da ya taɓa ce min, cikin ladabi, shi fa tuwo ba ya wuce masa in miya lami ce. Na ce masa, "Baba, ranar da ɓarin jikinka ya shanye, matarka za ta riƙa ɗura maka kunu ta gefen baki yana zubowa ta ɗaya gefen. Ranar za ka san abin da ke wucewa da wanda ba ya wucewa." Baranda ta ɗauki dariya, tsohon ya sunkuyar da kai yana juya katinsa a hannu. Na ji daɗin dariyar nan. Da bakina aka san ni a wurin, kuma ina alfahari da shi.

Ƙarfe ɗaya na rana kuma sai mu rufe ƙofar ɗakin ma'aikata. Mu biyar ne a aikin safe, kuma al'adar da na tarar ita ce a tire ɗaya ake ci, kowa da ranar da zai kawo abinci daga gida. A tsakiyar tebur akwai wani gwangwanin magani da ya ƙare aka wanke, cike da gishiri, an huhhuda murfinsa da allura. Ba wanda yake ɗanɗana abinci kafin ya barbaɗa. Mai ba da magani, wani ƙato mai barkwanci, har murƙushe dunƙule yake yi da yatsu a kan shinkafa, sannan ya lashe yatsun. Cokalin nan nawa na wa'azi, da shi nake juya shayi. A durowar da ke ƙasan gwangwanin kuwa, nan muke ajiye abin awon jini, kuma a iya zamana ban ga ɗayanmu ya naɗa shi a damtsen ɗan'uwansa ba.

Wannan ma al'ada ce, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗar ta da baki. Ma'aikaci ba ya ciwo. Ciwo na mutanen baranda ne, masu kati. Sau ɗaya a shekara ofis yakan aiko da fom na lafiyar ma'aikata, da gurbin nauyi, da gurbin awon jini, a ƙasa kuma wanda ya auna ya sa hannu. A kan teburin nan muke cika shi, bayan an ci an ƙoshi. Ka tura wa na kusa da kai naka, shi ma ya turo maka nasa, kowa ya rubuta wa kowa ɗari da ashirin bisa tamanin, ya sa hannu, a tattara a mayar. Wanda ya ce a auna shi da gaske ya nuna yana jin tsoro ke nan, kuma sai an yi wata guda ana tsokanarsa.

Babbar cikinmu ita ce wadda kowa ke ce wa Mama, har likita. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Jushi aka binne cibiyarta, kuma Hausar Zazzau a bakinta ta fi wadda na zo da ita daga kudancin Kaduna. Ita ta koya min aiki. Awon jinin ma ita ta koya min, don abin da na zo da shi daga makaranta bai taka kara ya karya ba. A satina na biyu ta same ni na naɗa wa wata mata ƙyallen awo a kan hannun riga, don ina sauri. A gaban matar da duk wanda ke baranda ta kwance shi, ta ce, "'Yata, riga kike aunawa ko mutum?" Ta naɗe hannun rigar, ta sa matar ta huta minti biyar, ta nuna min inda ake ɗora abin sauraro da yadda ake sakin iska a hankali. Ta gyara ni, na kuma iya, har aka zo ana cewa ba mai hannuna a awo. Amma dariyar da aka yi min ran nan ban yafe ba. Shekara tara na ajiye ta a ciki, ina ce mata Mama, ina karɓar mata jaka in ta shigo.

Shekarar da abin ya faru saura kaɗan Mama ta ajiye aiki. Kunnenta ya fara nauyi, tana ɓoyewa, amma ni na gane, don na ga yadda take turo min masu awo da sunan hannunta na ciwo. Abin awonmu irin na da ne, mai robar da ake matsawa da agogo mai allura, sai mutum ya saurari bugun jini da kunnensa. Wanda ba ya ji sosai ba zai iya auna wani ba, balle ya auna kansa da hannu ɗaya.

Wata Laraba, ranar girkina, na kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Na juye a tire, na ɗauki gwangwani. Sai Mama ta kifa tafinta a gefen da ke gabanta, ta ce, "'Yata, bar min nan wurin haka. Wanda kika sa a tukunya ya ishe ni."

Na ce, "Mama, yau kuma?"

Ta ce, "Kwana biyun nan kaina ke min nauyi, ta ƙeya."

Na san abin da nauyin kai ta ƙeya yake iya nufi ga mace mai shekarunta da irin jikinta. Da a baranda wata ta faɗa min haka, da tuni na zaunar da ita na naɗe mata hannun riga. Amma a ɗakin nan muke, ga mai ba da magani har ya fara murmushi yana jiran abin da zai fito daga bakina. Na ce, "To ki je ki yanki kati mana, ki zauna a benci ran Talata, in nuna miki cokali." Aka fashe da dariya. Na barbaɗe tiren gaba ɗaya, har kan yatsunta, na sa babban cokali na cakuɗa yadda babu gefen da za a ce na wani ne. Ta janye hannun ta karkaɗe, ta yi loma uku ko huɗu ta ce ta ƙoshi.

Washegari ta zo da ƙaramar kula tata daban. Dafaffiyar doya ce da ganye, ba gishiri ba dunƙule. Ta zauna bakin taga ta ci ita kaɗai. Da ranar girkinta ta zagayo ta kawo mana miyar agushi yadda ta saba, da busasshen kifi da komai, ta juye mana, ta koma bakin taga da doyarta. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don duk lokacin da na ɗaga gwangwanin nan sai in ji kamar tana kallona, ni mai cokali, ko da kuwa titi take kallo.

Sati biyu ta yi haka. Mai ba da magani ya sa wa bakin tagar suna gadon jinya, in ya shigo sai ya rusuna ya ce mata ya jiki, ko an kawo mata ruwan wanka. Wannan wasa ne, tana dariya tana jifansa da bawon lemo. Abin da na yi ni ba wasa ba ne, don na san inda zai yi mata ciwo. A wurinmu, wanda ya ware kwanonsa daga na jama'a ba a cewa lafiyarsa yake lallaɓawa, cewa ake yana zargin za a sa masa wani abu. Sai na fara sakin maganar kaɗan-kaɗan, ga mai shara, ga mai yanka kati, ga ungozoma. Na ce ni dai ban sani ba, amma tun da aka fara zancen wadda za ta gaji kujerar Mama ta daina cin abin da ya fito daga hannuna. Na ce shekara tara ina ba ta abinci ba ta mutu ba. Na ƙara da cewa dama mutanensu, komai daɗewarsu a cikinmu, ba sa sakin jiki da mu. Wannan ta ƙarshen tsagwaron ƙarya ce, a kan matar da ta yi sati guda tana jinyata lokacin da na yi ɓari, amma ita ce ta fi saurin tafiya.

Kafin Lahadi magana ta kai cocinsu, ta shiga zumuntar mata. Ran Larabar da ta biyo Mama ta shigo ba kula. Da na juye abinci ta jawo kujera ta zauna a wurinta na da, kusa da ni. Ta ɗauki gwangwani da kanta ta barbaɗa a gabanta, ta ci har ta siɗe cokali. Sannan ta dube ni ta ce, "Sista, abincinki ya yi daɗi." Ranar ce ta fara ce min Sista. Na lura, na kuma ɗauka nasara na yi.

A watan da ya biyo fom ya zo. Ran da muka cika, Mama ba ta tura wa kowa nata ba. Ta jira har ɗakin ya watse, saura ni ina wanke tire. Ta rufe ƙofa, ta buɗe durowa, ta ciro abin awo ta ajiye a tebur. Ta zauna, ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta shimfiɗa hannun a kan tebur, tafi yana kallon sama, daidai yadda ta koya min a sa marar lafiya ya yi.

Ta ce, "Auna ni da gaske. Ba na so kowa ya sani. In ya hau ki faɗa min ni kaɗai, in san maganin da zan nema."

Na ce, "Ki je wurin likita mana."

"In na je wurinsa zai shiga fayil, kafin la'asar mai shara ma ta ji. Kin san gidan nan. Ke na yarda da hannunki."

"Ke da kika koya min? Auna kanki."

 Ta taɓa kunnenta ta ce, "Ba na ji, 'yata. Ai kin sani."

Har yanzu ina ganin hannun nan. Akwai tsohon tabon ƙunar mai kusa da gwiwar hannun, da alamar agogo a wuyansa inda rana ba ta taɓa ba. Aikin minti biyu ne. Zan so in ce wani ne ya shigo ya katse mu, ko an kira ni ɗakin haihuwa, amma ba wanda ya shigo. Na goge hannuna a tawul, na jawo fom ɗinta, na rubuta ɗari da ashirin bisa tamanin, na sa hannu, na sa kwanan wata. Na tura mata na ce, "Ga shi, Mama, jininki kamar na budurwa. Yau ko rigar ma ban auna ba."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta sauke hannun rigarta ta ɓalla maɓalli, ta naɗe robobin abin awon tsaf yadda take so a riƙa yi, ta mayar durowa. Ta ce, "Na gode, Sista," ta fita.

Washegari a kan tire na ba da labarin, har ina kwaikwayon yadda ta shimfiɗa hannu. Mai ba da magani ya yi dariya har ya ƙware. Mama ma ta yi ɗan murmushi tana tauna. Maganar kunne kaɗai na riƙe, kuma a lokacin har ina ganin na yi mata kara. Daga ranar ba ta sake roƙon kowa ba. Wani zai ce me ya hana ta zuwa wani asibitin, ko ta shiga kemis a auna ta. Ban san duka amsar ba. Na dai san rabin masu kemis ɗin Sabon Gari ita ta yi musu allura suna tsumman goyo, kuma nas mai shekara talatin a bakin aiki ba ta iya zama a bencinsu ta miƙa hannu. Abin da na gani shi ne ta fara haɗiyar maganin ciwon kai bayan abinci, biyu-biyu, ta kora da ruwan leda.

Bayan wata huɗu, ran wata Talata da hantsi, ina tsaye a baranda na ɗaga cokali, Mama ta zo wucewa ta bayana da tiren wankin ciwo. Na ji ƙarar ƙarfe a siminti. Da na juya tana ƙasa, ƙafarta ɗaya a lanƙwashe, bakinta ya karkace, tana ƙoƙarin magana yawu na zuba. Masu hawan jini suka miƙe suka zagaye mu. Tsohon telan nan yana cikinsu, shi ya cire hularsa ya ninke ya sa mata a ƙarƙashin kai. Likita ya fito yana cewa a auna ta, a auna ta maza. Ni aka miƙa wa abin awon, tunda ba mai hannuna. Na durƙusa, na naɗe mata hannun riga, ga tabon ƙunar nan. Na matsa robar har inda na saba tsayawa, bugun bai ɗauke ba. Na ƙara, bai ɗauke ba. Sai da allurar ta wuce ɗari biyu da nisa. Idonta ɗaya a buɗe yake, kuma ni yake kallo.

Da za a tura ta babban asibiti likita ya sa aka ɗauko fayil ɗinta. Ya buɗe, ya tsaya a kan fom ɗin, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Wata huɗu da suka wuce lafiya lau take?" Na ce, "Haka na samu." Ya rufe fayil ɗin. Nasa fom ɗin ma ni na cika masa a tsaye a bakin ƙofar ofishinsa, lambar ɗaya ce, sa hannun ɗaya ne. Ba wanda aka tuhuma. Gwangwanin gishiri ya ɓace daga tebur na sati guda, sannan wata rana na shigo na gan shi a wurinsa, ban tambayi wanda ya dawo da shi ba.

'Yar Mama malamar firamare ce, ita kaɗai ce a gari cikin 'ya'yanta. Ta zo kwashe kayan uwarta daga loka, ta riƙe hannuna biyu tana godiya a kan yadda na durƙusa a ƙasa ran nan. Ta ce, "Anti, abin ya ɗaure min kai. Da ta fara ƙorafin kai na dame ta ta je a auna ta, har na fara ware mata miya. Sai ta dawo ta ce an auna ta a wurin aiki, ke ma kika auna, lafiya lau. Da na ji ke ce sai hankalina ya kwanta, na daina warewa." Na ce mata haka ciwon yake, wani lokaci farat ɗaya yake hawa. Ta gyaɗa kai, don daga bakin nas ta ji.

Aka ba ni kujerar Mama. Wata biyar ban taka Jushi ba, inda take jinya a gida, ga shi daga asibitin ko a ƙafa mutum zai je. Duk wanda ya tambaya sai in ce aiki ya yi yawa. A cikin watannin nan ne nawa kan ya fara nauyi, ta ƙeya, tun da safe kafin in kai bakin titin Samaru. Na ce rana ce, na ce hayaniyar ɗaliban da ke maƙwabtaka da ni ce. Na fara haɗiyar maganin ciwon kai bayan abinci. Nakan kalli durowar nan, in kalli mutanen da ke zagaye da tire, in ci gaba da cin abincina.

A kasuwar Sabon Gari 'yar Mama ta kama ni, a layin masu kifi. Ta ce Mama ba ta iya magana sosai, amma in an ambaci asibiti sai ta yi ta nuna damtsenta, su kuma sun gane ni take nufi. Ba yadda zan yi. Ran Lahadi bayan sujada na dafa faten acca da yakuwa, ban sa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, na zuba a kula na hau keke zuwa Jushi.

A falo na same ta, a kan kujera kusa da taga, an sa mata matashi ta dama inda jikin ya mutu. Ta rame har na ga ƙashin wuyanta. An shimfiɗa mata tawul a ƙirji, 'yar tana ba ta kunu da cokali ta gefen baki, rabi yana dawowa ta ɗaya gefen, tana gogewa. Na tsaya a bakin ƙofa da kula a hannu. Ba a taɓa mayar min da maganata haka ba, kuma ba wanda ya buɗe baki.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sosai, ba fushi ba murna. Na zauna, na yi ta surutu a kan asibiti, wa ta haihu, wa aka yi wa canjin wuri. Ban san ina yi ba, ashe hannuna yana ta komawa ƙeyata yana matsawa. Idon nas ba ya shanyewa. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna ƙeyarta, ta nuna ni. Na ce, "Ba komai, Mama, gajiya ce." Sai ta nuna wani ɗan akwati a kan tebur.

'Yar ta yi dariya ta ce, "Anti, kin shiga hannu. Tun da na sayo mata wannan mai batir ɗin, kowa ya zo sai ta auna shi, har fasto. Ba ya bukatar kunne, lambar kawai yake nunawa." Ta ajiye mata shi a cinya, ta ɗauki kulata ta ce bari ta juye faten, ta shige kicin.

Na miƙa hannu haka nan. Mama ta bugi hannun rigata da bayan yatsunta, na naɗe shi har kafaɗa. Na ɗauki ƙyallen zan naɗa, ta riƙe min hannu ta nuna agogon bango. Minti biyar muka yi zaune, ni da ita, ana jin ƙarar cokali daga kicin. Da lokaci ya cika na naɗa, ta sa yatsa ta tura shi sama kaɗan, ta gyara min robar ta dawo daidai kan jijiya. Sannan ta juya fuskar na'urar wajenta yadda ba zan gani ba, ta danna.

Ƙyallen ya kumbura ya matse ni, ya tsaya. Sai ya sake kumbura ya ƙara matsewa, har yatsuna suka yi sanyi. Na san abin da ake nufi in na'ura ta koma ta ƙara iska. Ina jin bugun jinina a cikin kunne. Iskar ta fita a hankali, na'urar ta yi ɗan kuka. Mama ta daɗe tana kallon lambar. Ta ɗago ta dube ni, ta sake duba lambar, ta kashe.

Na ce, "Nawa ne, Mama?"

 Ta jawo littafin da 'yar ke rubuta mata awonta, ta danne shi da gwiwar hannu ta yagi gefen shafi. Ta ɗauki biro da hagu, hannun da bai saba rubutu ba, ta fara ja a hankali, biron yana zamewa tana dawo da shi. Na ce, "Mama, don Allah, faɗa min kawai, ko ki nuna min da yatsu." Ta ci gaba da rubutunta. Da ta gama ta yi wani ɗan zane a ƙasa, sa hannunta ke nan, ta turo min.

Ɗari da ashirin bisa tamanin.

Bakinta ya motsa, ta yi ta kokawa da kalmar har sai da ta fito. "Bu... durwa," ta ce.

'Yar ta shigo da kwano tana tambaya, "Anti, ya ta samu?" Na nuna mata takardar. Ta ce madalla, ai ku ma'aikata kun san yadda ake kula da kai. Ga na'urar nan a cinyar Mama, da na ce 'yar ta sake auna ni da ta yi a minti ɗaya. Bakin nan nawa da aka san ni da shi ya kasa. Mama ta buɗe baki aka ba ta fatena, ta haɗiye abin da ya wuce, ba ta sake duban inda nake ba har na yi sallama.

Ran Litinin na sa takardar a aljihun farar rigata, tare da cokali. Ƙarfe ɗaya muka rufe ƙofa, aka juye abinci. Kaina yana sarawa tun safe. Na jawo durowar ta buɗe rabi, ga abin awon a naɗe. Na dubi fuskokin da ke zagaye da tiren ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zan iya shimfiɗa wa hannuna. Mai ba da magani ya ga inda hannuna yake, har ya fara murmushi. Ya ce, "Sista, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, biro nake nema, na tura durowar ta rufe. Ya miƙo min gwangwani, na karɓa.